Gangar da Aka Ba Kawu Ajiya

Ranar Laraba da hantsi muka kai Kawu makwancinsa. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Nassarawo, abokan kasuwancinsa sun cika wurin, 'yan uwanmu mutanen Borno, masu kanwa da masu busasshen kifi da masu goro, kowa cikin babbar riga. Ana addu'a ana shafawa, ana ta faɗin alherinsa. Wannan ya ce bai taɓa ganin mudunsa ya tauye ba, wancan ya ce ko da azumi ba a jin ya ɗaga wa kowa murya. Can sai wani dattijo mai goro ya gyara zama ya ce, "Mutumin kirki ne ƙwarai, in ban da abin nan." Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi wane abu, don kowa ya sani. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya ƙirƙiro tari.

Da la'asar sai ga mutanen ƙauyen Vimtim da ke wajen Mubi a ƙafa, yawancinsu tsofaffin mata, akwai masu zuwa coci, akwai Musulmi, akwai waɗanda ke kan addinin kakanninsu. Suka tsaya nesa kaɗan da tabarmi, ba su san inda ya dace su zauna ba. Wata tsohuwa a cikinsu ta kasa daurewa, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Baban Ganga ya tafi? Kai, kai! Shekara na yaƙi, shi ne ya riƙe mu." Na ga mai goro ya taɓe baki. Kawu Babba, yayan mamacin, wanda idonsa ya yi rauni yanzu, ya tambaye ni su wane ne. Na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "A ba su ruwa, a shigar da su wurin mata. Tafiyar da nisa."

Ni ɗan ƙanwar mamacin ne, a gidansa na tashi, shi ya kai ni koyon ɗinki, har yau kuma tela ne ni a kasuwar Mubi. Maganar mai goro ta tsaya mini a wuya kwana da kwanaki, ita ce ma ta zaunar da ni rubuta wannan. Abin nan da ya kasa faɗa, ni zan faɗa da babbar murya: Kawu ya koyi kiɗan ganga bayan ya haura shekara hamsin, gemunsa fari, ya rataye ta ya bi manoma da ita a gonakin Vimtim damina bayan damina. Ina so a san yadda aka yi, tun kafin masu taɓe baki su zama su kaɗai ne ke ba da labarin.

Duk wanda ya san Kawu kafin haka zai rantse ba mutumin da ya fi shi nisa da kiɗa. Ko tafi bai iya ba. In 'yan mata suna gaɗa a ƙofar gida ya zo wucewa ya so ya taya su, sai ka ji tafinsa ya faɗo shi kaɗai bayan na kowa, har Inna matarsa ta ɗaga murya daga cikin gida, "Malam, don Allah bar yaran nan su yi wasansu." Dogo ne siriri, mai sanyin tafiya, mai sanyin magana. Gyaɗa yake saye a hannun manoma ya sayar wa masu kai ta gaba. In yana saye ba ya danna mudu, in yana sayarwa ba ya hana gyara. In ka shigo masa a fusace da ƙarar wani, sai ya bari ka gama tsaf ya ce, "To. Ka ci abinci tukuna?" Ni da nake da saurin hawa, wannan tambayar ta sha ba ni haushi fiye da wanda na kawo ƙararsa.

Lokacin ƙuri'ar raba gardama, da aka ce mutanen yankin nan su zaɓa ko Nijeriya ko Kamaru, kasuwa ta koma wurin musu, kowa ya zama masani. Aka matsa wa Kawu ya faɗi inda zai jefa tasa. Sai ya nuna wani tsoho da ke zaune a gefen rumfarsa yana tauna goro ya ce, "Inda wannan ya jefa, can zan jefa. In ya tafi wata ƙasa ya bar ni a wata, wa zai kawo mini gyaɗa?" Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake yi ba.

Mutumin da ya nuna manomi ne daga Vimtim, kuma gidansa ne ke riƙe da gangar unguwarsu. Mu Tsoho muke ce masa. Kawu kuwa Sobajo yake kiransa, wato aboki da Fulatanci, shi kuma ya kira Kawu Malam. Hausarsa guntu-guntu ce, Kawu ba ya jin yarensu, amma duk ranar kasuwa sai sun zauna rabin yini tare, goro ɗaya a raba biyu. Ban san me suke tattaunawa ba, sau da yawa ma shiru suke yi.

A unguwar su Tsoho, in damina ta kankama gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, makaɗi na biye da masu noma da ganga tun safe har rana ta yi sanyi. Kiɗan gadon gida ɗaya ne, da kaka kuma kowane mai gona yakan kai wa gidan damin dawa. Sai dai akwai ƙa'ida: in damina guda ta wuce gidan bai fitar da makaɗi ba, dattawa za su miƙa kiɗan ga wani gida, kuma ba a dawo da shi. Tsoho ya riga ya sauka, hannunsa na rawa, ƙafa ba ta ɗaukarsa yini guda a gona. Ɗansa namiji ɗaya ne, shi ke kiɗan, ƙaƙƙarfan saurayi mai mata da 'ya'ya ƙanana. Da yaƙin basasa ya tashi, lori ya zo Mubi ɗibar soja, ya haye tare da samarin unguwarsu bai yi shawara da kowa ba.

Ina rumfar Kawu ranar da Tsoho ya zo da maganar, na kawo masa wani wando da na ɗinka. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa ta kan duwatsu.

"Malam," in ji Tsoho, "ganga zai fita gidana."

Kawu ya ce, "In dawa ce, Sobajo, kwantar da hankalinka. Muddin ina da abin ci, jikokinka ba za su kwana da yunwa ba."

"Ba dawa ba. Dawa, ana ci ya ƙare. Yaro ya dawo ya tarar ba ganga, ni zan ce masa mene?"

"To ka ba wani yaro a unguwarku ya riƙe masa mana."

Tsoho ya girgiza kai. "Namu ya riƙe damina ɗaya, ya zama nasa. Dattawa ya ce ai hannunsa ya saba. Kai ne ba ka cinye. Kai baƙo ne, mai salla, ɗan babban gida. Kowa ya san kai ba ka so abin nan. Ka riƙe mini ajiya."

Dariya ta kufce mini har wandon ya faɗi ƙasa. Kawu bai yi dariya ba. Ya buɗe tafin hannayensa ya dube su kamar yau ya fara ganinsu, ya ce, "Ka san ko tafi ban iya ba?" Tsoho ya ce, "Ni ma an haife ni ban iya ba." Sai Kawu ya ce ya yarda, amma kiɗan gona kawai zai yi, ban da na mutuwa da na bukukuwansu, ba zai karɓi ko zangarniya ɗaya ba, in lokacin salla ya yi kuma zai ajiye. Tsoho ya ce sauran ai a zaune ake yi, hannunsa zai iya lallaɓawa.

Haka Kawu ya shiga makaranta da furfurarsa. Duk ranar da ba kasuwa, yana idar da asuba sai ya hau keke ya nufi Vimtim. Nakan bi shi wani lokaci, in faɗi gaskiya don kallo nake zuwa, kuma ban taɓa dawowa ba tare da cikina ya yi ciwo don dariya ba. Ana rataya gangar a kafaɗar hagu, sanda mai lanƙwasasshen kai a hannun dama, yatsun hagu kuma suna kan fata suna amsa wa sandar. Hannayen Kawu sun ƙi shiri da juna sam. In dama ta buga, hagu ta tsaya kallo, in hagu ta tuna da aikinta, dama ta riga ta ɓata. Tsoho yakan faɗi kiɗan da baki, Kawu ya buga wani abu dabam, Tsoho ya make masa hannu kamar yadda ake yi wa yaro mai ɗaukar nama a miya. Kawu ya ce, "Me ya sa nan ake bugu biyu, can ɗaya?" Tsoho ya ce, "Malam, tambaya ya yi yawa. Yaro ba ya tambaya, yana bugawa."

Yatsunsa suka yi bororo, igiyar rataya ta ci masa kafaɗa, Inna tana shafa masa man kaɗanya tana mita. A rumfa, in ba mai saye, sai ya kife mudu a cinya yana ƙwanƙwasawa. Wata rana a hanyar dawowa na tambaye shi ko bai gaji da zama abin dariyar yara ba. Ya ce, "Dariyarsu ba ta dame ni ba. Abin da ke damuna, yaro in ya yi kuskure yau, gobe ya manta. Ni kuwa da na jiya nake kwana, in tashi in tarar da na yau yana jirana." Daga ranar na rage dariya a gabansa, sai na koma yin ta a gida.

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen Kawu Babba. A zaurensa mazan gidanmu ke haɗuwa cin tuwo, akushi ɗaya, tun zamanin mahaifinsu. An ajiye akushi ke nan ya dubi ƙanensa.

"An ce an gan ka da ganga a wuya, a ƙauyen masu burkutu."

"A kafaɗa ce, Yaya."

"Kada ka raina mini hankali! Tun daga kakanninmu a Borno har yau, gidan nan bai taɓa fitar da maroƙi ba. Sai kai, da gemunka?"

"Maroƙi karɓa yake yi, Yaya. Ranar da ka ji na karɓi ƙwayar dawa, ka kore ni da kanka. Amana aka ba ni."

"Amanar ganga! To ka zaɓa, ko akushin nan ko ita."

Kawu ya janye hannunsa, ya wanke a ƙwarya, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ya ɗauki takalmansa ya fita. Daga ranar a zaurensa yake ci, ni na koma ina taya shi, mahaifiyata tana yi mini faɗa wai na ɗauki ɓangare. A kasuwa aka sa masa Sarkin Kiɗa, in ya wuce wani ya ƙwanƙwasa tire. A masallaci gurbinsa na sahun gaba ya cike, ba wanda ya ce masa komai, kawai ba a gusawa a ba shi wuri. Bai taɓa kuka da wannan ba, amma abin ya ci shi, don yana son yayansa ƙwarai. Sau da yawa in an kawo tuwo yakan zauna yana kallon ƙofa har ya huce.

Kuskuren da ya kusa rusa komai kuwa, ƙoƙari ne ya jawo shi. Tsoho yana da wata ɗabi'a, in ya zauna shiru yana tunanin ɗansa, sai ya riƙa buga wani kiɗa a gwiwarsa da yatsu, a hankali, mai nauyi. Kawu ya lura, ya ga wannan dai ba shi da saurin da ke wahalar da shi, ya haddace a ransa bai tambaya ba, tunda an ce tambayarsa ta yi yawa. Wata safiya muka isa muka tarar Tsoho ya fita dubiyar wani maƙwabci, surukarsa matar sojan kuma ta tafi mayo, wato rafi, ɗiban ruwa tare da matan unguwa. Kawu ya ce bari ya ba malaminsa mamaki. Ya rataya ganga ya tsaya a ƙofar gida ya soma. Wallahi ranar ce farkon da na ji kiɗansa ya zauna daidai, har na ce, "Kawu, yau kam ka iya!"

Ashe kiɗan mutuwa ne. A wurinsu in an yi rasuwa, a ƙofar gidan mamaci ake kaɗa shi don unguwa ta sani. Ga shi lokacin yaƙi, kusan kowane gida da ɗa a fagen daga, kowa kunnensa a tsaye yake kwana. Sai muka ji kururuwa daga wajen mayo. Mata suka watsar da tuluna suka taho a guje, hannu a ka, kowace tana kiran sunan nata. Matar sojan ta gane daga ƙofarsu sautin ke fitowa, ta kuma san lafiya lau ta bar surukinta da safe, ba ta ko iso ba ta yanke jiki ta faɗi a hanya. Kawu yana ta bugawa yana murmushi, a zatonsa daɗin kiɗan ne ya tara jama'a. Tsoho ne ya iso yana haki ya fizge sandar daga hannunsa.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu irin ta Kawu da aka yi masa bayani ba. Dattawa suka zauna a gindin tsamiya, wani gida da ya daɗe yana harin kiɗan ya ce ga irinta nan, a miƙa musu kawai. Kawu bai je wurin dattawa ba. Ya cire hula da takalmi ya ba ni, ya bi gida-gida, duk inda ke da ɗa a soja, ya durƙusa a gaban mata yana ba da haƙuri. Mutumin da manoma ke rusuna wa a kasuwa ke nan. Wasu suka amsa, wasu suka juya masa baya, wata ta zage shi da yarensu, ya tsaya har ta gama. Matar sojan ya je wa a ƙarshe, tana zaune an yayyafa mata ruwa. Ya ce, "'Yata, na sa kin yi kukan da ba naki ba. Ki yafe mini. Allah ya sa kada ki yi na gaskiya." Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Kuka na riga na yi, Baba. Yanzu ka iya na noma." Dattawa suka yanke cewa za a gwada shi a gayyar farko, in sahun manoma ya watse, ganga ta bar gidan.

Gayyar a gonar wata gwauruwa aka yi ta, noman farko, dawa ta kai idon sawu, ciyawa ta fi ta tsawo. Waɗanda suka fito mata ne da tsofaffi, samari ana iya ƙirga su da hannu ɗaya. Mutumin gidan da ke harin kiɗan yana tsaye a bakin gona, tasa gangar a rufe da zane. Kawu ya soma da saurin da aka koya masa, irin na ɗan Tsoho, hannunsa yana tuntuɓe. Fartanyu suka rikice, wannan na sauka wannan na tashi, sahu ya karkace, guna-guni ya fara. Ni kaina gumi nake yi kamar ni ke noman. Tsoho yana zaune a kan dutse, ya kira Kawu.

"Malam, kana kallon ganga. Ganga ba ya noma. Duba wancan." Ya nuna wata tsohuwa a ƙarshen sahu, wadda aka bari a baya. "Fartanya nata ya sauka, ka buga. Ya tashi, ka jira."

Kawu ya koma ya tsaya bayan tsohuwar, ya kafa wa fartanyarta ido. Ta sara, ya buga. Ta ɗaga, ya jira. Kiɗan ya fito a hankali ƙwarai, irin tafiyarsa. Na gaba suka rage, na baya suka iso, sahu ya miƙe. Can wata ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa. Da azahar ya ajiye ganga ya yi salla a gefen gona, suka zauna suka jira shi, aka kawo masa kunu a sabuwar ƙwarya da ba ta taɓa ganin burkutu ba. Kafin rana ta yi sanyi an gama gonar. Dattawa suka tashi ba su karɓe kiɗan ba, mutumin nan kuma ya ɗauki gangarsa yadda ya kawo ta a rufe ya tafi.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, Kawu bai taɓa zama gwani ba. Kiɗansa ɗaya ne, ba ado ba kwalliya, wanda ya san ganga in ya ji zai yi tsaki. Amma bai taɓa fashin gayya ba, ruwa ko rana, kuma tsofaffin nan sun ce a bayan gangarsa ne kawai suke noma yini guda ƙugu bai kama su ba. Su suka sa masa Baban Ganga. Da kaka dammunan dawa suka tafi gidan Tsoho yadda aka saba. A daminar ƙarshe ta yaƙin Tsoho ya kwanta ciwo. Kawu ya je duba shi, Tsoho ya buɗe ido ya ce, "Ajiya yana nan?" Kawu ya ce, "Tana nan, Sobajo." Tsoho ya rasu bai ga dawowar ɗansa ba.

Bayan an gama yaƙi sojan ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, ba abin da ya rasa a ido. Kawu ya yi murna kamar ɗansa ne. Ya sa na ɗinka wa gangar sabuwar riga, muka tafi miƙa amana. A tsakar gida, gaban matarsa da maƙwabta, Kawu ya ce bari ya nuna masa fatar tana nan da ranta, ya buga sau ɗaya. Kafin mu ankara sojan ya wulla kansa ƙarƙashin rumbu, ya rufe kai da hannu, jikinsa na ɓari. Ƙaton mutum, a gaban 'ya'yansa. Ƙarar bindiga ce ya ji a cikin gangar gidansu. Kowa ya yi tsuru-tsuru. Kawu ya kori mutane da hannu, ya zauna a ƙasa kusa da rumbun har mutumin ya fito da kansa.

Gidan nan mai hari ya sake ɗaga kai, wai mai gado ya dawo kuma bai iya ba. Kawu ya je gindin tsamiya ya ce shi ba a sa masa ranar karɓa ba, ajiya tana hannunsa har mai ita ya ce a ba shi. Ya ci gaba da bin gayya, ƙafarsa ta fara ciwo, yana ɗingishi. Ni kuma ya zo shagona ya ce, "Ɗinka mini abin da zai kashe wa ganga murya." Na tara ƙyallaye da auduga na yi masa marufi mai kauri da taushi, hawa-hawa. Da shi yake zama da sojan a bayan gida. Da farko a gwiwa kawai yake bugawa, sannan a kan marufin, sai sautin ya fito kamar ana daka a gidan da ke nesa. In ya ga mutumin ya saki jiki, bayan wasu makonni sai ya zare ƙyalle ɗaya. In jikinsa ya fara ɓari, ya mayar, su koma hira. Wanda ya koya da furfura ne yake koya wa wanda aka haifa a cikin abin.

Ina nan ranar da sojan ya fara dariya. Kawu yana bugawa, sai sojan ya ce, "Baba, wa ya koya maka wannan? Ba haka ba ne." Kawu ya ce, "Ubanka." Ya ce, "To ubana ya ji tausayinka." Ya ƙyalƙyale, Kawu ma ya taya shi, matarsa ta leƙo daga madafa tana share ido da bakin zane.

Sai a damina ta biyu bayan dawowarsa abin ya faru. Ana gayya, sojan yana can ƙarshen gona yana noma da auduga a kunne, don haka ya saba fitowa. Hantsi ya ɗaga sai ya miƙe, ya ajiye fartanya, ya cire audugar, ya taho har inda Kawu yake. Ya sa hannu ya zare igiyar daga kafaɗar Kawu ya rataya a tasa. Bugun farko ya yi rauni, na biyu ya zauna, daga nan kuwa sai na ji abin da ake kira kiɗa. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka manta da ƙugunsu. Kawu yana tsaye a tsakiyar kunya, hannu biyu a sake, bai san inda zai sa su ba. Ba wanda ya lura da shi, kowa na kan murna. Ya yafito ni ya ce mu tafi gida.

Muna tura kekuna ba mu hau ba. Ni bakina bai rufu ba, ina ta yi masa barka, ina cewa ya sauke nauyi, yau zai koma akushin Kawu Babba da kansa a sama. Da muka iso mashigin mayo sai ya tsaya. Na juyo na ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ɗana, kada ka faɗa wa Yaya. Na ce wa kowa ajiya ce, ajiyar ce kuwa. Amma ashe ina son abin nan."

Tausayinsa ya kama ni har cikin raina. Na ce, "Kawu, ai abu mai sauƙi ne. Gobe in sa a yi maka taka, ka riƙa kaɗawa a cikin gida."

Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "A'a. In aka ji ganga a gidana, za a ce da ma nema nake yi, dattawa su ce kiɗan ya rabu biyu. Sobajo ya ba ni ne don ya tabbata ba na so. Ba zan ƙaryata shi yana kabari ba."

Bai ƙara taɓa ganga ba har ranar Larabar nan. Sai dai duk damina yakan ƙirƙiro dalilin zuwa Vimtim, wai zai duba yadda gyaɗa ta yi, alhali ko fure ba ta fara ba. Yakan sami dutse a bakin gonar da ake gayya ya zauna yini guda yana saurare, hannayensa biyu a danne ƙarƙashin cinyoyinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da abin da ya fi wanda ya hana kansa.